VLC da Avidemux: yadda na fitar da muryar Baba daga tsohon faifai

Tun bayan rasuwar Baba, Hajiya take cigiyar faifan walimar saukar Alƙur'anin ƙanwata, wanda aka ɗauka a ƙofar gidanmu na Agege a 2005. Baba ya yi doguwar addu'a a ciki, kuma nan kaɗai muryarsa ta rage mana. VCD ne, irin wanda masu kyamara suke bugo wa mutane a lokacin, na'urar kallonsa kuwa ta daɗe da lalacewa. Da faifan ya fito daga ƙasan akwati, sai na ari abin karanta faifai mai shiga ta USB wajen wani abokina a Computer Village da ke Ikeja, tunda kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da shi.

A cikin faifan akwai jakar da ake kira MPEGAV, a cikinta akwai fayil mai suna AVSEQ01.DAT. Na kwafo shi, na danna, kwamfuta ta tsaya tana tambayata da me za ta buɗe shi. Abokin nawa ya ce in sauke VLC, manhajar kunna bidiyo da sauti. Nauyinsa bai kai megabait 50 ba, kyauta ne, ba talla, ba rajista. Ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa ne suka fara aikin a 1996, aka sake shi ga kowa a 2001, yau kuma ƙungiyar VideoLAN ce take kula da shi. Tambarinsa robar nan ce mai tsini ruwan lemo da ake jerawa a titi idan ana gyara. Ina jan fayil ɗin cikinsa sai ga tabarmi, ga almajirai, ga Baba cikin farar riga.

A nan na fahimci abin da ya daɗe yana rikita ni. Su MP4, AVI, MKV da MOV kamar buhu ne kawai. Abin da aka zuba a ciki, wato yadda aka matse hoton da sautin, shi ne yake sa wata manhaja ta buɗe, wata ta ƙi. Shi ya sa bidiyon iPhone da aka matse da tsarin HEVC yakan gagari tsohuwar kwamfuta alhali wani MOV ɗin ya buɗu lafiya. VLC yana zuwa da makullan waɗannan duka a jikinsa, ba sai an nemo ƙari ba. Har gajerun bidiyon 3GP na tsohuwar Nokia ta ya buɗe, da sautinsu. Sai dai kada mutum ya sa rai hoton zai gyaru. VCD tsarin MPEG-1 ne, mai ɗigon hoto 352 a faɗi da 288 a tsayi, abin da aka ɗauka ke nan. Fuskoki da ɗan dishi-dishi, amma murya tas.

Juya shi zuwa MP4 bai ba ni wuya ba: Ctrl da R, a zaɓi fayil, a zaɓi tsarin matsewa na H.264, a ba shi suna. Wajen yanka ne na ga VLC ba don wannan aka yi shi ba. Yana da jan maɓallin naɗa, amma sai ka zauna bidiyon ya yi ta tafiya daga inda kake so har inda kake so ya tsaya. Ni kuwa mintuna bakwai nake nema a cikin fiye da awa guda.

Da farko Movie Maker ya zo mini a rai, don da shi muka koyi haɗa hotunan biki a shagunan intanet. Microsoft ta daina bayar da shi tun Janairun 2017. Duk shafin da ya ce ka sauke Movie Maker a yau ba daga masu shi ba ne, ni dai ban kusance su ba.

Avidemux, wata manhajar yanka bidiyo ta kyauta, shi ne ya yi mini aikin a kan MP4 ɗin. Fuskarsa irin ta da ce, ba ado, da Turanci kuma yake, amma abin da ake bukata kaɗan ne: alamar A a farkon wurin, alamar B a ƙarshe, a bar hoto da sauti a kan kwafi, a zaɓi MP4, a adana. Tunda ba ya sake matse bidiyon, cikin daƙiƙoƙi ya gama, ingancin bai ragu ba, ga sauƙin batir ga mai fama da wutar Legas. Sharaɗi guda: farkon yankan ya faɗa a kan cikakken hoto, wato ɗaya daga cikin hotunan bidiyon da ba su dogara da na gabansu ba, wanda ake tsallakawa zuwa gare shi da kibiyar sama ko ta ƙasa, in ba haka ba farkon zai dagule. Mai son saka rubutu ko haɗa bidiyo da yawa ya duba Shotcut, shi ma kyauta ne, amma yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

Fayil ɗin DAT na asali na ajiye shi a filas ɗin USB biyu, ɗaya yana wajen Yaya a Idi-Araba. Mintuna bakwai ɗin na tura wa dangi a Katsina ta WhatsApp, na kuma sa wa Hajiya a wayarta bayan sallar isha'i. Ta saurara har ƙarshe tana amsa amin, sannan ta miƙo mini wayar ta ce, “Ɗan nan, maido mini wurin da ya ambaci sunayenku.”