Rigar sanyi don tafiya ƙasashen tsaunuka: wadda za a saya a Kantamanto da wadda za a bar wa mai ita

Duk shekara daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da yaran da suka samu gurbin karatu a Turkiyya ko Maroko ko Rasha suke haɗa kaya, nakan samu saƙonni daga iyaye da yayye a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango na Accra, kowa yana tambayar irin rigar sanyin da ya kamata a saya wa mai tafiya. Suna tambayata ne saboda na yi shekara huɗu ina karatu a Erzurum, birnin da ke gabashin Turkiyya a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, inda ba abin mamaki ba ne a wayi gari ma'auni ya nuna digiri 25 ƙasa da sifili.

Mu mutanen Accra ba mu da abin da za mu auna wannan sanyi da shi. Hunturunmu, wanda yake sa tsofaffi su ɗaura rawani har kunne a sallar asuba, da wuya ya saukar da ma'auni ƙasa da digiri 20, kuma dutsen Afadjato da ake kai 'yan makaranta su hau bai kai mita 900 ba. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, don haka wanda ya taso daga bakin teku ya hau mashigar tsauni mai mita 2,400 ya shiga wurin da ya fi inda ya baro sanyi da digiri 15 ko fiye. Sannan ga iska: idan ma'auni yana digiri 10 ƙasa da sifili kuma iska tana gudun kilomita 40 a awa, abin da fatar mutum take ji ya kai digiri 21 ƙasa da sifili. Idan abin da fata ke ji ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, kunne ko yatsan da aka bari a buɗe yana iya daskarewa cikin rabin awa.

A cikin gari wannan duka da sauƙi, domin daga ɗaki mai hita mutum yake fitowa ya shiga mota mai hita. Haɗarin yana kan hanyar tsauni, ranar da guguwar dusar ƙanƙara ta rufe titi, mota ta tsaya, babu gaba babu baya. A watan Janairun 2022 dubban motoci sun hau zuwa garin Murree na Pakistan don kallon dusar ƙanƙara, guguwa ta tare su a hanya cikin dare, fiye da mutum 20 suka rasu a cikin motocinsu, wasu saboda sanyi, wasu kuma saboda hayaƙin inji da ya dawo cikin mota bayan ƙanƙara ta toshe salansa. A Fabrairun 2020, a lardin Van na Turkiyya, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga tsauni ta binne wata ƙaramar bas, washegari ta sake zaftarowa a kan masu aikin ceto, aka rasa mutum fiye da 40. Saboda haka ni da daren da mota ta tsaya nake auna riga, kuma da shi zan auna duk waɗanda zan ambata.

Na san wannan dare da jikina. A shekarata ta farko na hau bas daga Erzurum zuwa Tarabzon, kuma a mashigar Kop, wadda tsayinta ya kai kusan mita 2,400, guguwa ta tsayar da mu tun bayan isha'i har gari ya waye. Direba yana kunna inji ya kashe don tsimin mai, yana kuma fita lokaci lokaci ya share bakin salansa. Rigar da ke jikina sabuwa ce fil, kumburarriya, da tambarin wani babban kamfani a ƙirji, wadda yayana ya saya mini a Accra da kuɗin da ya jima yana tarawa. Da na fita na taya matasa ture ƙanƙara daga gaban taya, sai dusar da ta manne a rigar ta narke bayan na dawo ciki, ruwa ya ratsa ta har zuwa singiletina, abin da ke cikinta ya dunƙule ya sauka ƙasa kamar audugar tsohuwar katifa, kuma kafin ƙarfe biyu na dare zif ɗin ya tsage daga ƙasa. Wani dattijo ne ya lulluɓa mini bargonsa. Jiki magayi, tun daga ranar ruwa da zif su ne abu biyu na farko da nake dubawa.

Jaket ɗin fata, wanda samarinmu suke so saboda hoto, yana tare iska amma ba ya riƙe ɗumi, don haka a bar shi. Rigar auduga mai hula da ake sawa a Accra da damina ta fi shi muni, domin auduga tana shan ruwa ta riƙe, ruwa kuma yana janye zafin jiki fiye da yadda iska take yi har kusan sau 25. Doguwar kwat ta ulu tana da kyau a ofis da masallacin Juma'a, amma tana da nauyi, ba ta da hula, kuma iska tana shiga ta tsakanin maɓallai.

Rigar da aka cusa wa lallausan gashin agwagwa ko na dinya ita ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin babu abin da ya kai ta ɗumi idan aka kwatanta da nauyinta. Ana rubuta ingancin gashin da lamba, daga kamar 550 zuwa 900, sau da yawa a bakin hannun riga, kuma mafi girman lambar shi ne mafi kumburin gashin. Aibinta guda ne, amma a wurina ya isa: idan gashin ya jiƙe sai ya kwanta ya daina aiki, kuma yana daɗewa kafin ya bushe. Wanda zai zauna a wurin da sanyinsa busasshe ne kuma yana da kuɗin sayen mai rufin da ba ya shan ruwa, to ya saya. Ga ɗalibin da zai mallaki riga ɗaya tak, ba ita ce zaɓina ba.

Zaɓina shi ne doguwar rigar da ake kira faka, wadda take rufe ɗuwawu har zuwa rabin cinya, mai hula haɗe da jikinta, mai cikon zaren roba irin Thinsulate ko PrimaLoft, da rufin waje wanda ruwa ba ya ratsawa, kuma in so samu ne ta gwanjo ta asali daga dila. Zaren roba bai kai gashin agwagwa sauƙin nauyi ba, amma ko ya jiƙe yana ci gaba da riƙe mafi yawan ɗuminsa, yana bushewa a kan hita cikin dare ɗaya, kuma ana wanke shi a injin wanki na ɗakin kwanan ɗalibai ba tare da fargaba ba. Tsawon rigar yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin wanda zai zauna awa takwas a kan kujerar motar da ta huce ta ƙasa sanyi yake fara kama shi. Hular kuma dole ta kasance mai igiya da ake ja a tsuke fuska har ido kawai ya rage, saboda a cikin guguwa dusar ba daga sama take sauka ba, daga gefe take zuwa. Zif ya zama mai manyan haƙora, mai kai biyu da ake buɗewa ta ƙasa idan za a zauna ko za a yi sujada, sannan a samu wani shafi a kansa mai maɓallan matsawa, yadda ko zif ya ci amana rigar za ta rufu. A bakin hannu a nemi roba ta ciki da ke kama wuyan hannu. Irin wannan na saya a shekarata ta biyu, tsohuwa ce mai ɗan tabo a aljihu, kuma ita ta kai ni ƙarshen karatu, yanzu haka tana jikin wani ƙanena a Ifran ta Maroko, garin da a 1935 aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifili.

Matsalar ita ce jabu ya fi na gaske yawa, kuma shi ne yake da kyan ɗan maciji. Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, ta farfaɗo bayan gobarar farkon Janairun 2025, kuma har yanzu ana samun riguna na ƙwarai a wurin masu buɗe dilar jaket, amma a gefensu akwai masu sayar da sababbi cikin leda, kala biyar girma biyar, duka da tambarin The North Face ko Canada Goose, a farashin da bai kai na hular rigar asali ba. Wannan kaɗai ya isa shaida. Akwai kuma wata dabarar da ta fi wannan wuyar ganewa, inda ake cire tambari daga rigar asali da ta mutu a ɗinka shi a kan wata ta banza, a sa ta cikin gwanjo, don haka a juya rigar a duba bayan tambarin: idan zaren ɗinkinsa ya ratsa har shafin ciki, ko launin zaren ya saɓa da sauran ɗinki, hannu ya taɓa wurin. A karanta takardar da ke ɗinke a gefen ciki, wadda take faɗin abin da aka cusa. Ta gashi takan nuna kason lallausan gashi da na fuka-fuki, kamar 80 da 20 ko 90 da 10, kuma idan an rubuta gashi amma hannu ya matsa ya ji shimfiɗaɗɗen abu kamar soso, ƙarya ce. A ɗaga rigar a rana, domin wuraren da cikon ya gudu haske yana ratsa su. Rigar da ruwa ba ya shiga da gaske tana da siririn tef a manne a bayan kowane ɗinki, kuma idan ta tsufa da yawa rufin cikinta yana ɓarewa yana zuba kamar amosani, wannan ba ta gyaruwa. Ni nakan sayi ruwan leda in zuba a kan hannun riga da kafaɗa a gaban mai kaya. Idan ruwan ya dunƙule ya gangara madalla, idan yadin ya yi duhu ya sha, sai in ajiye. Wani dattijo mai jaket da na saba da shi yakan ce mini, "Malam, zuba, ai kayan kirki ba sa tsoron ruwa," kuma wanda ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa. Zif kuwa a ja shi sama da ƙasa sau goma, a kama ɓangarorin biyu a ja da ƙarfi, kada a dogara da haruffan YKK, sunan sanannen kamfanin zif, da ke kansa, domin masu jabu su ma sun iya buga su. Masu tallata riguna a Facebook da WhatsApp da hotunan da suka kwafo daga intanet, suna neman a tura kuɗi ta waya kafin a ga kaya, ban taɓa ba kowa shawarar ya saya a wurinsu ba.

A gwada rigar a kan suwaita mai kauri, ko da gumi zai karyo a tsakiyar kasuwa, domin wadda ta matse jiki ba ta barin iskar da ke riƙe ɗumi. A ƙarƙashinta a sa rigar ciki ta ulu ko ta roba mai dogon hannu da wandonta, a bar singiletin auduga a akwati ranar tafiyar tsauni. Safar ulu guda uku, hular da ta rufe kunne da safar hannu mai rufin roba duk ana samunsu da araha a layin gwanjo. Takalmi kuwa na fi son a jira a saya a can, mai rufe idon sawu, mai ƙasan roba mai zurfin zane, wanda ya fi ƙafa da lamba ɗaya, saboda tsofaffin takalman dila sau da yawa gam ɗinsu ya riga ya mutu a zafin Accra, kuma ƙasansu yakan cire a makon farko da suka taka ƙanƙara. Wanda jirginsa zai sauka bayan watan Oktoba ya riƙe rigar a hannunsa ya shiga da ita cikin jirgi, kada ya sa ta a babban akwatin da zai iya makara a filin jirgin Istanbul.