Ƙunshin Kayan Rinin Kore Daga Tsirrai: Abin da Na Gani Bayan Wata Uku Ina Aiki da Shi

Duk wanda ya taɓa dafa ɗanyen ganye da fatan ya mayar da farin zare kore, ya san inda maganar take ƙarewa. Ruwan tukunyar zai yi kore shar, zaren ma zai fito da ɗan launi mai faranta rai, amma kafin a yi wanki biyu, ko a bar shi a rana na 'yan kwanaki, sai ya koma ruwan ƙasa ko ya koɗe gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne sinadarin kulorofil, wanda ke ba ganye launinsa, ba ya kama zare da kyau, kuma haske da zafi suna lalata shi cikin ƙanƙanin lokaci. Na daɗe ina rina zaren saƙa da tsirrai, na samu rawaya iri-iri da ja da ruwan ƙasa, amma kore mai ɗorewa ya gagare ni. Shi ya sa da na ga an haɗa ƙunshi na musamman domin wannan launi kaɗai, na saye shi ta intanet, na kuma ƙi cewa komai a kansa sai da na yi wata uku ina gwada shi a kan ulu da auduga da siliki.

A cikin akwatin akwai garin shuni giram 25, da ƙonanniyar farar ƙasa giram 50, da sukarin 'ya'yan itace giram 75. Akwai kuma busasshen ganye da furen wani tsiro mai suna Reseda luteola giram 200, da alif, da ɗan garin alli, da ƙaramin ƙunshin gishirin ƙarfe, da safar hannu, da ɗan littafin bayani. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne babu wani garin da aka rubuta masa "kore" a ciki. Waɗanda suka haɗa ƙunshin sun faɗi gaskiya tun daga shafin farko, cewa kore gina shi ake yi hawa biyu, a fara da shuɗi sannan a ɗora rawaya a kai. Wannan ita ce hanyar da marina suka bi ƙarni da ƙarni. Sanannen koren birnin Linkon na Ingila da shuɗin tsiron Isatis tinctoria aka riƙa yin sa, sannan a bi shi da wannan reseda ɗin, haka kuma koren garin Kendal, sai dai shi rawayarsa daga tsiron Genista tinctoria take fitowa. Akwai ƙalilan ɗin tsirrai da ke ba da kore kai tsaye, kamar rinin lokawo da aka riƙa yi a ƙasar Sin da ɓawon wasu itatuwa na dangin Rhamnus, wanda masu sana'ar siliki a Faransa suka yi rububinsa a tsakiyar ƙarni na 19, amma irin wannan ba abu ne da mai rini a gida zai samu cikin sauƙi ba.

Haɗin shunin ya bi tsarin da aka sani da sunan ɗaya-biyu-uku, wanda marinin Faransa Michel Garcia ya yaɗa a duniya: kashi ɗaya na shuni, biyu na farar ƙasa, uku na sukari. Littafin ya yi bayanin dalilin haɗin da kyau, kuma a nan ne ya fi burge ni. Shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ko an kwana ana dafa zare a cikinsa ba zai kama ba. Sai farar ƙasa ta mayar da ruwan mai kaifi irin na toka, sukarin kuma ya sauya sinadarin shunin zuwa wani yanayi da zai iya narkewa ya shiga cikin zare, daga nan idan iska ta taɓa shi sai ya koma yadda yake tun farko, ya maƙale a ciki. Na bi shawararsu na zuba garin a kwalba tare da 'yan duwatsu masu santsi da ruwan ɗumi, na girgiza na tsawon mintuna har ya zama kamar tawada, sannan na juye a bokitin ruwan zafi, na ƙara sukari, na ƙara farar ƙasa, na juya a hankali na rufe. Washegari da na buɗe, sai na tarar da kumfa mai launin shuɗi ta taru a tsakiya, saman ruwan yana ƙyalli kamar jan ƙarfe, da na ture shi da cokali kuma sai ruwan da ke ƙarƙashinsa ya bayyana rawaya-rawaya. Tukunya ta nuna ke nan, kuma ta nuna a karon farko ba tare da na yi mata wani gyara ba.

Gani ya kori ji, kuma lokacin da aka ciro zare daga tukunyar shuni abin kallo ne. Na tsoma ɗaurin farin ulu, na riƙe shi a ƙarƙashin ruwa ina matsawa a hankali domin kada iska ta shiga, bayan minti biyu na ciro shi. Ya fito rawaya mai hasken kore, kafin in warware shi ya zama kore sosai irin na sabon ganye, sannan shuɗi ya fara bin sa daga gefe zuwa ciki, har cikin minti kaɗan babu sauran kore ko ɗigo. Littafin ya gargaɗi mai koyo kada ya ruɗu da wannan koren, domin wucewa kawai yake yi. Ya kuma ba da shawarar da na ɗauka ita ce mafi amfani a cikinsa duka: wanda ke neman kore kada ya bari shuɗinsa ya yi duhu. Na gwada ɗauri uku, ɗaya tsomi guda, ɗaya tsomi biyu, ɗaya tsomi huɗu. Na farko ya ba ni kore mai haske kamar tohon bazara, na biyu kore cikakke irin na ciyawa, na ukun kuwa shuɗin ya haɗiye rawayar, sai an kai shi rana ake gane akwai kore a jikinsa.

Bayan shuɗi sai alif. Shuni ba ya buƙatar abin da zai ɗaure shi, amma rawayar reseda tana buƙata, kuma alif ne ke zama tsani tsakaninta da zare. Na yi amfani da giram 12 na alif ga kowane giram 100 na busasshen ulu, na bar shi a ruwan zafi kimanin sa'a ɗaya. Resedar da suka sako mai kyau ce, tana da ƙanshin busasshiyar ciyawa, kuma furanni da ƙananan ganye sun fi kara yawa a cikinta, wanda hakan na da muhimmanci domin a nan launin ya fi taruwa. Da na jiƙa ta na ɗora a wuta, ruwan ya fito fari-fari har na fara shakka, amma ina barbaɗa ɗan allin nan sai ya rikiɗe ya zama rawaya mai ɗaukar ido. Wajibi ne a kiyaye kada zafin ya wuce digiri 80, domin tafasa tana dusashe launin. Ƙunshin bai zo da ma'aunin zafi ba, kuma ina ganin ya kamata a rubuta a jikin akwatin cewa mai saye zai buƙaci nasa, tare da sikelin da ke auna giram.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsala ta farko da na ci karo da ita ita ce ta ulu da farar ƙasa. Ulu gashin dabba ne, kuma ruwa mai kaifi yana cin sa, musamman idan da zafi. Ɗaurin da na bari ya daɗe a tukunya ya fito da kaushi, ya rasa laushin da ya sa na saye shi tun farko, kuma babu wankin da ya dawo masa da shi. Littafin ya taɓo wannan a layi ɗaya tak, can kusa da ƙarshe, alhali abu ne da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe kafin mutum ya jefa zarensa mai tsada. Daga baya na riƙa barin tukunyar ta huce zuwa ɗumi, ina gajarta tsomi, ina ɗauraye zaren sosai, sannan in jiƙa shi a ruwa mai ɗan ruwan kal domin ya kashe sauran kaifin. Da haka ulun ya tsira, silikin ma ya riƙe sheƙinsa. Da sun sako takardar gwajin kaifin ruwa, wadda ba ta da wani nauyi, da sun rage wa mai koyo wannan asarar.

Matsala ta biyu ta fi girma, kuma ita ce ta hana ni yaba ƙunshin ba tare da togaciya ba. An rubuta a jikin akwatin cewa ya dace da ulu da siliki da auduga, amma umarnin da ke ciki na ulu ne kawai. Auduga tana son shuni ƙwarai, har ta fi ulu jure tukunyar farar ƙasa, sai dai alif shi kaɗai ba ya kama ta yadda yake kama gashi. Na bi umarnin yadda yake a kan ƙyallen auduga, ya fito kore mai kyau yana jiƙe, ya dusashe da ya bushe, bayan wanki uku kuma ya koma shuɗi mai ɗan dauɗar rawaya. Abin da auduga ke buƙata shi ne a fara dafa ta da sodar wanki domin a cire maiƙo da kakin da ke jikinta, sannan a jiƙa ta a sinadarin tanin, wato abin da ke sa ɗanyen 'ya'yan itace bauri a baki, kafin a kai ta ga alif. Babu tanin a cikin ƙunshin, babu ma ambatonsa. Na dafa busasshen ɓawon rumman na yi amfani da ruwansa, kuma ya yi aiki, sai dai da yake shi ma yana da tasa rawayar, koren ya fito da ɗan duhu, bai yi tas kamar na ulu ba.

Gishirin ƙarfen hanya ce ta biyu, mai sauƙi, ta samun kore ba tare da shuni ba. Idan aka rina zare rawaya sannan aka tsoma shi a ruwan da aka narkar da ƙarfe, nan take yake komawa launin zaitun. Kore ne mai natsuwa, kuma ina son sa, amma wanda ya saye ƙunshin domin kore shar kada ya sa rai a nan. Littafin ya ce a zuba "kaɗan" bai faɗi adadi ba, alhali ƙarfe idan ya yi yawa yana sa ulu ya yi tauri ya riƙa karyewa. Giram 1 zuwa 2 ga kowane giram 100 na zare ya isa, kuma a ware masa tukunyarsa da cokalinsa, domin ɗan abin da ya rage a jikin tukunya yana iya dusashe duk wata rawayar da za a dafa a cikinta nan gaba. Duk waɗannan tukwane, na ƙarfe da na alif da na shuni, ba a sake dafa abin ci a cikinsu, kuma farar ƙasa tana ƙona fata da ido, saboda haka safar hannun da suka sako ba ado ba ce.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne na haske. A tsofaffin dardumomin bango na Turai da ke gidajen tarihi, sau da yawa za a ga itatuwa da ciyayi shuɗɗa, ba don haka aka saƙa su ba, sai don rawayar ta koɗe da daɗewar zamani ta bar shuɗin shi kaɗai. Raunin kore kullum daga ɓangaren rawaya yake zuwa. Na naɗa zaruruwa a jikin kwali, na rufe rabi da takarda mai kauri, na jingina a tagar da rana ke bugawa har mako shida. Domin kwatance, na haɗa da zaren da na ɗora wa kurkum a kan shuɗi, da wanda na ɗora wa ɓawon albasa. Na kurkum ya koma shuɗi tun kafin mako na biyu ya cika, na albasa ya dusashe ƙwarai, na reseda kuwa sai da na kai kwalin kusa da ido kafin na ga iyakar inda takarda ta rufe. Sinadarin lutiyolin da ke cikin reseda yana daga cikin rawayar tsirrai mafi jure haske, kuma zaɓen wannan tsiro maimakon wani mai araha shi ne babban abin da masu ƙunshin suka yi daidai.

Akwai rashin daidaito a yawan kayan. Busasshiyar reseda tana buƙatar kusan nauyin zaren da za a rina, ko aƙalla rabinsa, saboda haka giram 200 ɗin sun ƙare mini bayan ɗauri uku da 'yan ƙyallaye, alhali tukunyar shuni tana nan da sauran ƙarfinta. Ba su kuma rubuta daga wane tsiro aka samo shunin ba, ko yawan ainihin sinadarin da ke cikinsa. Tun da kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, sinadarin da ke cikin na roba da na ganyen baba iri ɗaya ne, mai saye ba zai iya rarrabewa da ido ba, don haka wanda ya biya kuɗi domin rinin tsirrai yana da haƙƙin a gaya masa asalin abin da ya saya.

Ga mai rina ulu ko siliki wanda ya riga ya san alif da tukunya, ina ba da shawarar wannan ƙunshi ba tare da jinkiri ba, muddin zai kula da kaifin ruwan kuma ya ƙaro reseda tun da wuri. Mai rina auduga kuwa ya tanadi sodar wanki da tanin kafin ya buɗe akwatin, ya kuma nemi bayanin aikin a wani wurin. Tukunyata har yau tana raye, duk lokacin da ruwanta ya fara komawa shuɗi sai in ɗumama ta in ƙara mata sukari, kuma ɗaurin nan mai tsomi biyu tuni na saƙa shi mayafi, an wanke shi sau biyar, korensa yana nan yadda ya fito daga tukunya.