Fijo 504 bayan damina ɗaya: bugun yashi ya riƙe, maganin tsatsa da fila sun ba da kunya

Aikin da nake sharhi a kansa an yi shi ne a kan Fijo 504 salun, haɗin Kaduna, irin waɗanda kamfanin PAN, mai haɗa Fijo a Najeriya, ya riƙa fitarwa daga masana'antarsa ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975. An taɓa rim biyar har da na safaya, da ƙasan mota wajen ƙafar direba, da gindin ƙofofin baya guda biyu, da bakin madigadin baya na dama, da cikin but da ƙarƙashin mazaunin batir. Na bari damina ta wuce a kanta kafin in ce uffan, domin ranar da aka fito daga wurin fenti kowace mota amarya ce. Sai ruwan Agusta ya ratsa ta ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya yi kwalliya.

Abu uku aka gwada: bugun yashi, wato fesa yashi da ƙarfin iska don cire tsatsa, a wani wurin aikin ƙarfe a nan cikin Kano, da maganin tsatsa na kwalba da ake sayarwa a shagunan fenti, da aikin fanel bita da mai fenti a gareji ɗaya. Na farko ya ci kuɗinsa. Na biyu yana da amfani amma ba inda aka sa shi ba. Na uku rabi da rabi ne.

Rim ɗin 504 salun inci 14 ne, noti huɗu, kuma da'irar ramukan notin milimita 140 ce. Wannan awo ba ya cikin yawancin motocin da ke kan titi yanzu, don haka ba za ka ciro rim daga wata mota ka ɗaura ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa ana samun na hannu, amma su ma sa'annin naka ne, sun sha abin da naka ya sha. Shi ya sa gyara ya fi saye, matuƙar ƙarfen na da sauran rai. Kafin a kashe ko kwabo, a cire taya, a mayar da rim tsirara kan hob, wato inda ake ɗaure shi a jikin mota, a kafa waya kusa da leɓensa a juya da hannu. In kaɗawar ta kai milimita 2, a fara miƙe shi ko a haƙura. A duba ramukan noti: wanda ya tashi daga zagaye ya koma siffar ƙwai ya gama aiki, haka wanda ya tsage tsakanin rami da rami. Walda a wannan wuri ganganci ne. Sai kuma gaɓar da farantin tsakiya ya haɗu da zoben waje, inda ruwa ke kwanciya. In tsatsa ta kumbura ta har ta buɗe, a jefar. A cikin biyar ɗin, na safaya ne ya faɗi. Shi ne ke rataye a ƙarƙashin but yana shan laka shekara da shekaru ba mai waiwayarsa.

Huɗun da suka rage aka kai bugun yashi. Burushin waya a kan giranda yana goge saman tsatsa ne ya bar ta tana ƙyalli, har mutum ya ɗauka ƙarfe ya fito, alhali ƙananan ramukan da ta ci suna nan cike da ita. Yashin da kwamfireso ke feso wa yana shiga ramukan ya ƙwaƙulo ta, ya bar ƙarfe toka-toka mai ɗan kaushi, irin fuskar da faraima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, ke so ya kama. A nan sun yi aiki mai tsabta, har cikin leɓe inda bakin taya ke zama. Aibinsu biyu ne. Ba su wanke giris da maiƙon da ke bayan rim ba kafin su fara, sai da aka tsayar da su, kuma yashi ba ya cire maiƙo, tura shi yake yi cikin ƙarfe. Na biyun ya fi muni: yaron da ke riƙe da tiyo tsumma kawai ya ɗaura a hanci. Ƙurar yashin rafi tana zama a huhu ta taurare shi, ba ta fita, kuma takunkumin kyalle ba ya tare ta.

Abin da ke kashe wannan aiki shi ne jinkiri. Ƙarfen da aka buga wa yashi ba shi da riga. A watan Maris, da iskar Kano a bushe, yana iya kwana bai canza ba. A damina kuwa sa'o'i kaɗan sun isa ya fara ja, har shaidar yatsun wanda ya ɗauke shi ta fito. Saboda haka a tanadi faraima tun kafin a kai rim, a ɗauke shi da safar hannu, a hure da busasshiyar iska, a fesa a ranar. An sa faraimar ifoksi mai hadna, wato sinadarin da ake gauraya ta da shi don ta yi tauri, shafi biyu, minti 15 tsakani. Yadda ake gauraya ta ya danganta da gwangwani, wata 1:1 wata 4:1, a karanta a auna da kofi, kada a yarda da awon ido. Jan fentin da ake shafa wa get da tagogi ba madadinta ba ne. Yana daɗewa bai bushe ciki ba, kuma tinar fentin mota na iya tayar da shi ya yamutse.

Wurare biyu a jikin rim ba sa son fenti mai kauri: mazaunin noti da fuskar da ke manne da hob. In fenti ya yi tudu a nan, yana murƙushewa bayan an ɗaure, noti ya saki. A rufe su da tef bayan shafin faraima na farko, kuma a sake ɗaure noti bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Ƙananan ramukan da suka rage a mazaunin bakin taya su ne ke sa taya marar tiyub ta riƙa sacewa a hankali. An goge su da sanfefa 180 bayan faraima, rim uku suka riƙe iska, na huɗu aka sa masa tiyub.

Sai mai faci, wanda zai iya ɓata aikin mako guda a minti biyar. Guduma da lebar ƙarfe suna ɓare fentin leɓe, ruwan omo da yake shafa wa bakin taya kuma yana kwana a ciki ya ci ƙarfe. A kai wurin masu injin sa taya, a kuma bar fenti ya yi kwana bakwai kafin nan. Bayan damina, rim huɗun nan ba ɗigon ja ko ɗaya, in ban da wani siririn layi a gaɓar ɗaya daga ciki, inda yashi ba ya iya kutsawa.

Maganin tsatsa na kwalba kala biyu ne. Akwai mai asid ɗin fosforik, ruwa-ruwa, wanda ke mayar da tsatsa baƙi-baƙi ko toka. Akwai mai kama da madara, wanda ke bushewa baƙi mai sirkin shuɗi. Dukansu aiki ɗaya suke yi: suna canza siririn saman tsatsa ya zama wani abu da ba ya ci gaba da cin ƙarfe. Iyakarsu ke nan. Ba sa ratsa ɓawon tsatsa mai kauri, ba sa aiki a kan maiƙo ko tsohon fenti, ba sa mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. A cikin but da ƙarƙashin mazaunin batir, inda tsatsar sama-sama ce, an kankare da burushi, an wanke da tina, an shafa mai fosforik, aka bar shi da danshi kamar minti 20, aka goge da ruwa, aka busar sarai, sannan faraima. Wurin nan lafiya lau har yau. Gogewar nan da ruwa ba a tsallake ta. Asid ɗin da ya bushe a kan ƙarfe yana barin farin gari mai danƙo, ifoksi kuma ba ta kama shi, sai ta ɓare kamar bawon albasa. A rana tsaka lokacin bazara maganin yana bushewa kafin ya yi aiki, don haka a inuwa ake shafa shi.

Inda ya ba da kunya shi ne gindin ƙofofi. Ƙofar mota kwano biyu ne da aka naɗe bakin na waje a kan na ciki. Ruwan da ke bi ta gefen gilas yana sauka ciki ya fita ta ƙananan ramukan da ke ƙasa. Ƙurar hunturu tana toshe su, damina ta zo ta mayar da ita laka, tsatsa ta faro daga cikin naɗin ta ɓullo waje. Abin da ido ke gani a waje ƙarshenta ne. An shafa magani a waje, ya yi baƙi gwanin sha'awa, aka bi da fila, wato kwaɓin da ake cike lotson jikin mota da shi. Kafin ƙarshen Agusta fenti ya yi ƙuraje a jere a gindin ƙofar hagu, in an soka allura ruwa ne mai ja ke fitowa.

Laifin ba na kwalba kaɗai ba ne. "Alhaji, ai fila za ta rufe" magana ce da duk mai tsohuwar mota ya sani, kuma gaskiya ce, tana rufewa. Amma fila tana shan ruwa. In akwai huda a bayanta ko da ta kai bakin allura, ta nan danshi zai shiga ya zauna tsakaninta da ƙarfe. Aikinta daidaita ɗan lotso ne bayan guduma ta gama nata, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Hadna kashi 2 cikin 100 ake sa mata. Mai yawaita hadna don ta yi saurin kamawa yana jawo ƙananan huji, daga baya kuma tabo ya ɓullo ta cikin fenti, musamman fari. A zafin Afrilu, da ma'auni ke kaiwa 40, ko an auna daidai minti biyu zuwa uku ta fara tauri, don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Ana sassaƙe ta da sanfefa 80, a gyara da 180, duka a bushe. Gugar fila da ruwa, wadda ta zama al'ada a garejin da yawa, ita ce ke shuka ƙurajen baɗi. Mai son sanin abin da ke ƙarƙashin fentin mota kafin ya saya ya bi jikinta da ƙaramin maganaɗisu naɗe cikin kyalle. Inda ya ƙi kamawa, fila ce.

Ƙasan motar kuwa an yi shi yadda ya kamata, kuma a nan fanel bitan ya nuna hannunsa. Salun 504 ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Ƙasanta da dogayen dokin ƙofa na gefe su ne ƙashin bayanta, shi ya sa ruɓewarsu ba maganar kyau ba ce. Ya yanke har sai da ya wuce tsatsa da santimita 2 ya tarar da farin ƙarfe, ya zana gurbin a kwali, ya yanko sabon kwano mai milimita 1, ya shigar da shi baki da baki maimakon ya ɗora a kai. Facin da aka ɗora a kan tsohon kwano yana barin aljihu tsakani, ruwa ya samu ɗaki. Ya ɗiga walda nan da can da tazarar santimita 3, yana bari ta huce, yana cike tsakani har layin ya haɗe. Da waldar kabad ya yi, wadda zafinta ke bazuwa ya lanƙwasa kwano, amma a ƙasan mota da ke da ƙwarya-ƙwarya hakan bai dame shi ba. A fatar ƙofa ko rufi da ba zan yarda ba. Bayan an goge da giranda aka haska tocila ta ƙasa da yamma, huji uku suka nuna haske, aka toshe su. Sai ifoksi ciki da waje, aka bi layin walda da abin toshe gaɓa, aka fesa baƙin rufin ƙasa. Kafin a kunna wuta an cire kafet da kujera, an janye bututun fetur da na birki, an cire kan batir.

Kada a kai bodin irin wannan mota bugun yashi don an ga ya yi kyau a rim. Ƙarfen rim ya ninka na fatar ƙofa sau uku ko fiye. Kwanon da bai kai milimita 1 ba yana miƙewa ya yi igiyar ruwa a ƙarƙashin yashi, babu gudumar da za ta mayar da shi.

Fentin sama 2K ne, wato wanda ake haɗawa da hadna, biyu na fenti ɗaya na hadna, da tina kamar kashi 10, bakin bindigar fesa fenti milimita 1.4, bayan an goge faraima da sanfefa 400. Launi ya dace da na sauran jiki, amma madigadi ya fito da gurji-gurji kamar bawon lemo, domin an fesa da azahar da tina mai saurin tashi, fenti ya bushe kafin ya kwanta. Kwamfireson kuma ba shi da matarar ruwa, ga ƙananan ramuka biyu masu kama da ido a cikin sabon fentin sun shaida. An rage gurjin da sanfefa 1500 da man goge fenti bayan mako biyu. Hadnar 2K tana da guba ga huhu, mai fesawa yana buƙatar takunkumi mai gwangwani, ba na asibiti ba.

Ƙofofin biyu za a sake su. Za a yanke gindin fatar waje tsawon santimita 8, a buɗe naɗin, a share na ciki, a sa sabon kwano, a buɗe ramukan fitar ruwa, a zuba kakin kariya ta ciki bayan fenti ya bushe. Robar gindin gilas ma za a canza, don ta nan ruwan ke shiga da yawa. Ƙarshen Oktoba za a yi, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba.