Bonsai na Farko a Cikin Ɗaki: Wanne Za Ka Saya?

Kafin ka sa hannu a aljihu, duba tagar ɗakinka. Bonsai bishiya ce ta gaske da aka hana ta girma ta hanyar yi mata aski da tsare saiwarta a ƙaramar tukunya, saboda haka hasken da take samu shi ne ranta.

Ka kauce wa juniper, wata bishiya mai siraran ganye, duk da ita aka fi gani a hotunan bonsai. Ita da pine da maple ta Japan bishiyoyin waje ne, sai sun sha sanyin hunturu sun huta kowace shekara. A ɗaki sannu a hankali suke mutuwa. Juniper ma takan zauna kore shar na makonni bayan ta mutu, mai ita na ta ban ruwa bai sani ba.

Ni dai ficus nake ba sabon shiga shawara, musamman Ficus retusa ko microcarpa, dangin cediya da ɓaure. Tana jure ƙarancin haske fiye da sauran, tana yafe mantuwar ruwa ta kwana ɗaya ko biyu, in ka datse ta da yawa kuma sai ta sake toho har a jikin tsohon reshe. Wannan ne ya sa ta dace da mai koyo. Sanyi ne kawai ba ta so, kada ɗakin ya sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius. In ta zubar da ganye a makon farko kada ka tsorata, sauyin wuri ne. Ficus mai kumburarriyar saiwa da ake kira ginseng ta fi yawa a kasuwa, amma galibi aure aka yi wa rassanta, kuma wuyar sarrafawa gare ta.

Portulacaria afra, 'yar asalin Afirka ta Kudu, tana ajiye ruwa a ganyenta. Ta dace da mai yawan tafiya, in tagarsa na shan rana sosai. Yawan ruwa ne ke ruɓar da ita. Carmona da Serissa na da fararen furanni masu kyau, sai dai raki gare su, a bar su sai hannu ya faɗa. Kwalin "irin bonsai" kuwa irin bishiya ne kawai, shekaru za ka jira kafin ka samu abin lanƙwasawa.

A wurin saye, kaurin gindi za ka duba, don shi ne ke daɗewa bai samu ba. Ɗaga tukunyar ka tabbatar akwai huji a ƙasanta. Juya ganye ka nemi ƙwari. In an manne tsakuwa a saman ƙasar da gam, ka ɓamɓare ta, tana hana ka sanin lokacin ban ruwa. Lokacin kuwa yatsa ke faɗa: in saman ƙasar ya ɗan bushe, zuba ruwa har ya fito ta ƙasa.

Almakashi mai kaifi da wayar alminiyam ta lanƙwasa rassa sun ishe ka, ta tagulla ta yi wa mai koyo tauri. Bar reshen ficus ya fitar da ganye 6 zuwa 8, sannan ka rage shi zuwa 2. Farin ruwan da zai tsatso daga yankan ba komai ba ne, amma ka wanke hannu don yana sa ƙaiƙayi. Kaurin waya ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshe, a naɗa ta a karkace. Ficus na saurin kauri, don haka ka riƙa dubawa kowane mako, ka yanke wayar guntu-guntu kafin ta ci ɓawo.