Gilashin ƙofar 350Z: na Beljik, sabo, ko na yanka?

Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Ka ce Nissan 350Z ɗinka ta 2005 ce, tsakuwa ta tashi daga tayar tifa ta tarwatsa gilashin ƙofar hagu, yanzu leda ka manna kana yawo da ita. Shawara uku aka kawo maka. Wani a Kano ya ce yana da na Beljik, wani ɗan kasuwa a Yamai ya ce zai yo maka odar sabo, mai aikin alminiyam na unguwarku kuma ya ce ka kawo ta ya yanka maka yau-yau ka huta. Kana so ka ji wanne ya fi.

Kafin a yi maganar kuɗi, je ka buɗe ƙofar daman da ta rage lafiya ka duba. Babu firam a samanta. Gilashin tsirara yake tsaye, shi da kansa yake zuwa ya danne robar da ke jikin rufin mota. Shi ya sa in ka ja hannun ƙofa za ka ga ya ɗan sauka, bai kai faɗin yatsa ba, in ka rufe ya koma sama ya shige cikin robar. A Corolla ko Hilux, in gilashi ya ɗan kauce, firam ɗin ƙofa zai riƙe shi ya rufa masa asiri. A taka motar babu mai rufa masa asiri. Lanƙwasarsa ce kaɗai ke tare ruwa da iska da ƙura, don haka duk wanda za ka saya, lanƙwasar ce abin da kake biya.

Daga nan maganar mai alminiyam ta faɗi. Ba raina sana'arsa na yi ba, a taga da kanta ya san aikinsa, amma abin da ya yi maka alkawari ba ya yiwuwa. Gilashin gefen mota gasasshe ne. A masana'anta ake yanka shi, a huda ramukan noti, a gasa shi har zafin ya haura digiri 600, a lanƙwasa shi, sannan a hura masa iska mai sanyi nan take. Wannan ke sa ya fi gilashin gida ƙarfi wajen sau huɗu zuwa biyar, shi ne kuma ya sa naka ya ruguje ƙanana-ƙanana kamar tsakin masara maimakon ya tsage. Da zarar an gasa shi ba ya yankuwa, ba ya huduwa. In aka sa masa lu'ulu'un yanka sai ya fashe gaba ɗaya. To me mutumin zai yanka maka? Ko dai gilashin gida miƙaƙƙe, wanda ranar tsautsayi dogayen wuƙaƙe yake zama daidai wuyan direba, ko kuma farar robar nan mai kama da gilashi. Robar ba ta yanka mutum sosai, amma hunturu ɗaya ya ishe ta. Yashin da ke maƙale a bakin ƙofa zai kakkarce ta duk hawa da sauka, kafin Fabrairu ba ka ganin ɗan kabu-kabun da ke gefenka in rana ta yi yamma. In ka ɗan taka mota kuma iska ta riƙa janye samanta waje. A tsofaffin manyan motoci masu miƙaƙƙen gilashi ana yanka mai leda a tsakiya a sa, ya yi aiki. Ba a wannan ba. Araha ba ta ado.

Saura biyu ke nan, kuma a nan ne ake da abin tattaunawa.

Na Beljik, in da gaske daga jikin 350Z aka cire shi, shi ne ainihin wanda aka ƙera ƙofar dominsa. Lanƙwasa daidai, kauri daidai, ramukan noti a inda suke, launinsa ma zai yi kusa da na ƙofar dama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mota ce da aka daina ƙerawa tun wajen 2009, kuma ba irin wadda kayanta ke zube a kowane shago ba. Kuɗinsa ya fi sauƙi, kuma daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano zuwa Maraɗi, inda kake, ba nisa, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Illarsa ita ce shekaru. Gilashin da ya yi wajen shekara ashirin yana hawa yana sauka, sannan ya kwana cikin kwantena tare da ƙarafa, ba ya rasa tabo. Tabon kuma iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai dogon karce daga sama zuwa ƙasa, na yashi. Ja farcenka a kai: in farcen ya wuce sumul, abin ido ne kawai, ka nemi ragi ka saya, in ya maƙale, da dare fitilar mai tahowa za ta riƙa warwatsuwa a wurin. Sai kuma ɓantara a gefe, kuma ita ce mugunyar. Gasasshen gilashi a ɗaure yake ta ciki, raunin nasa duk a baki yake. Ɓantarar da ba ta kai ƙwayar gero ba tana iya yin shiru wata da watanni, sai ranar da aka bar motar a rana cikin Afrilu, zafi ya haura 40, wani ya buga ƙofa da ƙarfi, ka ji tas. A mota mai firam bakin gilashi a ɓoye yake, a taka kuwa kullum a waje yake yana cin karo da roba. Saboda haka a sa a bi bakin nan da yatsa tun daga kusurwa har kusurwa, haɗe da ƙasan da ke shigewa cikin ƙofa da kewayen ramukan noti. In an manna masa baƙar leda, a ɓare ta tukuna. Ba a san abin da ta rufe ba.

Sabo kuwa kashi biyu ne, kuma ya kamata ka tambayi mutumin Yamai wanne yake nufi. Akwai na kamfani, mai lambar Nissan, wanda ake nema da lambar shasi. Lambar nan haruffa da alƙaluma 17 ce, tana kan kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar mota, ta 350Z da JN1 take farawa. In an same shi babu gardama a kansa, sai dai tsada da jira. In daga Turai za a kawo, lissafin ba ya ruɗarwa tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi, amma ka ɗora kuɗin akwati da na jirgi da na duwan, waɗanda sau da yawa su ne ke ninka farashin. Kashi na biyu shi ne sabo na wasu masana'antun gilashi da ba ya ɗauke da tambarin mota. A cikinsu akwai manya da duniya ta sani, irin su Pilkington, Saint-Gobain Sekurit, AGC, da Fuyao ta ƙasar Sin, waɗanda su ne ma ke yi wa kamfanonin motoci gilashi tun farko. Akwai kuma marasa suna. Sabon yana da abin da na Beljik ba shi da shi: garau yake, bakinsa lafiya, babu wanda ya wahalar da shi. Amma lanƙwasarsa kwaikwayo ce. In masana'antar ta kirki ce, ba za ka gane bambanci ba. In ta banza ce, milimita biyu ko uku da ta kauce a kusurwar sama sun isa su sa maka fito a kunne tun daga Maraɗi har Ƙonni, kuma babu makaniken da zai iya gyara wannan da sifana.

Duk wanda za ka saya, a cikin biyun nan, a ɗauko maka hoton hatimin da ke kusurwar ƙasa. Za ka ga sunan masana'anta. Za ka ga harafin E cikin da'ira da lamba kusa da shi, wadda ke nuna ƙasar da ta ba da shaidar inganci: 1 Jamus, 2 Faransa, 6 Beljik. Kusa da ita akwai 43R, lambar ƙa'idar gilashin mota. In motar ta Amurka ce za ka ga DOT da AS2. Hatimin gaske a cikin gilashin yake, ba ya kankaruwa da farce. Gilashin da ba shi da hatimi sam, ka bar wa mai shi kayansa. Wata dabara kuma, in kana da tabarau irin na direbobi mai kashe ƙyalli, ka sa shi ka kalli gilashin cikin rana. Gasasshe zai nuna maka wasu ɗigo-ɗigo masu duhu a jere, sawun iskar da aka hura masa ke nan. Na gida ba ya nuna komai.

Inda aka fi cutuwa a ciniki daga nesa shi ne kalmar «ɓangaren direba». Kada ka faɗe ta. Ka ce hagu, kuma hagun wanda ke zaune cikin mota yana kallon gaba. Kayan da ake wargazawa a Sharja, kusa da Dubai, da yawansu daga Japan suke, inda sitiyari ke dama, to in ka ce na direba, na dama za a naɗo maka, kuma mai kayan bai yi ƙarya ba. Haka nan ka bayyana cewa taka mai rufin ƙarfe ce, ba mai rufin tanti ba. In an ce maka na 370Z ko na Infiniti G35 «duk ɗaya ne, yana shiga», kada ka karɓa da baki. 'Yan gida ɗaya ne, amma jikinsu ba ɗaya ba. Ka riga kana da ma'auni a hannu: ɗaga gilashin dama, ka zana shi a kwali, ka auna tsawon bakin sama da tsayin gaba da na baya. Sannan ka gitta miƙaƙƙiyar rula ta cikin gilashin daga sama zuwa ƙasa, ka auna tazarar da ta rage a tsakiya. Wannan tazarar ita ce lanƙwasa. Ka sa mai sayarwa ya yi irin wannan awon a gabanka ta kiran bidiyo. Wanda ya ce ba shi da lokacin wannan, ba shi da lokacin karɓar kayansa in sun dawo.

A nawa ganin, in na Kano ya tsallake awon nan kuma bakinsa lafiya, shi za ka ɗauka, ko da yana da ɗan karcen da farce ba ya kamawa. Ɗan tabo a kan lanƙwasar asali ya fi mini garau ɗin da ba ya zama. In an sami ɓantara ko ɗaya, ko mai shi yana ta kwana-kwana kan hoton hatimi, ka koma kan sabo mai sunan masana'antar da aka sani, da sharaɗin in bai zauna ba a mayar. Na kamfani sai in biyun nan sun gagara, ko kuwa kana da asiransin da ya haɗa da fashewar gilashi. Na dolen nan da yawancinmu ke yanka, ɓarnar da ka yi wa wani kawai yake biya.

Batun ɗauko shi: a tsaye ake ɗaukar gilashi, ba a kwance ba, an naɗe bakinsa da kwali mai kauri, in da hali cikin akwatin katako. Ku yi magana tun kafin ya bar shago kan wanda zai ɗauki asara in ya fashe a hanya, kuma kada ka biya duka sai ya iso.

Sai mai sawa, wanda rabin aikin a hannunsa yake. Nemi wanda ya taɓa taɓa ƙofa marar firam, ko ta Mercedes ce ko ta BMW mai ƙofa biyu. Abu na farko, a kwashe tsakin tsohon gilashin kaf daga cikin ƙofa, da injin zuƙa in akwai, a tsokane ramukan zubar ruwa da ke ƙasanta. Daga yau ma ka daina taɓa makunnin wannan ƙofar, domin injin ɗaga gilashi yana niƙa tsakin nan yana cin kansa, kuma injin 350Z dama can an san shi da saurin gajiya. A duba robar bakin ƙofa, wadda ke share gilashi; in ta bushe ta cika da yashi a canza ta, in ba haka ba cikin 'yan watanni sabon zai zama na Beljik. In akwai farar leda a bayan murfin ƙofa a mayar da ita yadda take, yara sun saba yage ta su jefar, ita ce kuwa ke hana ruwan damina isa ga lasifika da wayoyi. Kada a matse notin gilashi tun farko, a bar shi sako-sako har a daidaita tsayinsa da karkatarsa. A jikin injin akwai ɗan maɓallin da ake dannawa don ya sake koyon inda sama take, a yi wannan kafin a rufe murfin. Kuma ka tsaya a kansu kan abu guda: in an cire batir, kada kowa ya rufe ƙofa da gilashi a sama, domin ba zai yi 'yar saukar nan ba, bakinsa zai daki gefen rufi.

Kafin ka sallame shi, saka takarda tsakanin gilashin da robar rufi, ka rufe ƙofa, ka ja. A gaba, a tsakiya, a baya, ko'ina ta riƙe da ƙarfi iri ɗaya. A kwarara ruwa da buta daga saman rufi kana zaune a ciki kana kallon kusurwar madubi. Sannan ku hau kwalta ta wajen Tibiri tare da shi, rediyo a kashe, ku saurara. In akwai fito, ku juyo garaji a lokacin, murfin ƙofa bai riga ya koma ba.

Ledar da ke kai yanzu kuma, kada ka manna ta da salatif mai ƙarfi a kan fenti. A zafin nan gam ɗin narkewa yake ya kama, wajen ɓarewa ya ɗago fentin. Ka zagayo da ita ta cikin ƙofa ka manna a jikin roba, ka ajiye motar a inuwa har gilashin ya iso.