Gargaɗi ga masu ƙera ƙananan tankokin yaƙi: akwai mai damfara da sunan zubin sarƙa

'Yan uwa masu wannan sha'awa, ina rubuta wannan ne raina a ɓace, don kada abin da ya same ni ya sami wani.

Na fi shekara ina ƙera tankar Tiger I, ta Jamus wadda ta fara shiga fage a 1942, a ma'aunin 1:6, wato kashi ɗaya cikin shida na girman tankar asali. Gangar jiki da hannuna na yanka na yi mata walda, injinan lantarki biyu masu ƙarfin wuta bolt 24 na ɗaura, kowane ɓangare da nasa. Abin da ya gagare ni shi ne sarƙa, wato wadda ke kewaye tayoyin tanka take tafiya a kanta. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san nan ne gizo ke saƙar. Tankar asali tana da gaɓoɓin sarƙa 96 a kowane gefe, wato sai ka samu 192 iri ɗaya sak, kuma su iya ɗaukar abin da nauyinsa zai haura kilo 100 idan an gama.

Ana cikin haka wani mutum ya tuntuɓe ni ta intanet, ya ce zubin baƙin ƙarfe ne sana'arsa, ya turo hotunan sarƙa masu kyan gaske. Ya iya bakinsa, ya san sunan kowane sashe na tankar, shi ya sa na saki jiki. Ya nemi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, ya kuma roƙi in tura ta hanyar da ake tura wa dangi da abokai, wai don a kauce wa cajin manhajar biyan kuɗi. Wannan hanya ba ta da kariyar mai saye, in kuɗi ya tafi ya tafi ke nan. Na sani, amma ɗokin ganin tankata tana tafiya ya rufe min ido.

Bayan wata biyu na yau da gobe, sai ga ɗan ƙunshi ya iso. Ina ɗagawa na ji ba nauyi. Faɗin sarƙar yaƙi ta Tiger I milimita 725 ne, idan ka raba gida shida ya kamata ka samu kusan 121. Na ɗora ma'auni, na ga 45. Sarƙar ƙananan tankokin 1:16 ce da ake sayarwa a shirye, ya tsinke 'yan gaɓoɓi ya turo. Na kanga maganaɗisu bai kama ba, domin haɗin tutiya ne, ba baƙin ƙarfe ba. Da na yi masa magana sai ya ce yaronsa ne ya yi kuskuren ƙunshi, in cika ragowar kuɗin a turo na gaskiya. Na ƙi, washegari ya toshe ni. Daga baya na saka hotunansa a manhajar binciken hoto, na tarar aikin wani bawan Allah ne da ya wallafa shekaru da suka wuce.

Abin da ya fi ci min rai shi ne tambaya ɗaya ta isa ta tona shi tun farko. Mai zubi na gaskiya ba zai karɓi aikinka ba sai ya tambayi tazarar da ke tsakanin fil da fil, wato ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓin, saboda dole ta dace da haƙoran tayar da ke jan sarƙar. A Tiger I milimita 130 ce, a 1:6 kusan 21.7. In ta kauce ko kaɗan, sarƙa za ta riƙa hawa kan haƙori tana zamewa. Mutumin nan bai taɓa tambayata ba.

Don haka kafin ku biya kowa, ku ce ya ɗauki bidiyon gaɓa ɗaya a kan ma'auni, da sunanku rubuce a takarda a gefenta. Ku sayi gaɓoɓi biyar ko shida tukuna ku gwada a kan tayarku. Wanda ya ƙi a biya shi ta hanya mai kariya, ku rabu da shi komai daɗin bakinsa. Yana iya sauya suna, don haka salon za ku riƙe: hotuna masu ƙyalli, gaggawar kafin alƙalami, da labarin yaro ya yi kuskure.

Tankata tana nan a kan katako ba sarƙa. Na fara sassaƙa samfurin gaɓa ɗaya da kaina, zan kai wa mai zubin da zan tsaya a kansa in ga yana narka ƙarfen.