Darasin dare a zauren wani tsohon mushe a Wadata

Ɗana na uku yana CE1, wato aji uku na firamare, shekararsa takwas, kuma har cikin Disamba na ɗauka ya iya karatu. Yakan buɗe littafin faransanci ya rattabo shafi guda ba tuntuɓe. Ranar da asiri ya tonu, babansu ne ya miƙa masa kwalin shayi ya ce ya karanta. Yaro ya yi ta zare ido. Ashe hadda ce kawai, bakin madam da na sauran yara yake bi.

Maƙwabciyata ce ta kwatanta mini wani tsohon mushe, wato malamin makarantar boko, da ya ajiye aiki, yana koyarwa a zaurensa a unguwar Wadata, nan Tawa. Tsakanin magariba da lisha, kwana huɗu a mako, jaka uku a wata.

Ranar farko ya karɓe littafin ya ajiye, ya ce allo da alli kawai. Ni kuwa raina ya ɓaci da na ga yana rubuta "baba", "dawa", "tuwo". Na ce, "Mushe, ai faransanci ne ya gagare shi, ba Hausa ba." Ya ce, "Hajiya, haɗa baƙi da wasali ne bai iya ba. Bari ya koya da kalmar da ya san ɗanɗanonta." Gaskiyarsa. Hausar boko yadda aka faɗa haka ake rubutawa, faransanci kuwa o da au da eau duk sauti ɗaya ne, yaro ya rasa inda zai kama.

B da d ne suka fi wahal da shi. Mushe ya fitar da shi ƙofar gida ya sa shi zana su a rairayi da yatsa, manya-manya, yana cewa wannan tumbinsa gaba, wancan goyonsa baya. Kusan mako uku suna wannan. Sai a wata na biyu suka koma littafin lakwal.

Ni ma bai ƙyale ni ba. Kwata ɗin awa kullum kafin barci, yaro ya karanta da ƙarfi, in ya cije kada in faɗa masa sai na ƙirga biyar a zuci, kuma ba duka ba tsawa. Wannan ƙirgen ya fi komai yi mini wuya, don ni mai saurin baki ce. A CM2, ajin ƙarshe na firamare, na tsaya, amma ya wadatar.

Inda nake da ƙorafi: yara sun yi yawa. Na ƙirga goma sha tara a zaure ɗaya, ƙanana da manya a cakuɗe, in aka ɗauke wuta fitila ɗaya suke rububi. Tun da jarrabawar CFEPD ta gama firamare ta matso kuma, hankalinsa ya koma kan 'yan CM2. Sau biyu ya tafi ƙauye biki bai sanar ba, muka biya kabu-kabu a banza. Mai son a zauna da ɗansa shi kaɗai, ya nemi wani wuri.

Mu dai wata huɗu ke nan, kuma na biya na biyar. Ranar Lahadi a hanyar kasuwa ya dinga ja mini zane yana karanta allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya, har muka zo kantin magani, inda aka rubuta "pharmacie", ya tsaya cak. "Inna, p da h me suke cewa?" Ba su kai nan ba tukuna.